Ka Dawo Mana da Tsohon Faifan Baba

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Amarya da 'yar takwarar Inna. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikinka, ya raba ku da wannan sanyi da kake ta kuka da shi. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene da kanta tana shanya, duk da kullum sai mun yi faɗa a kan haka. Maigidana yana nan yana fama da tuƙinsa, yau yana gida gobe yana hanya. Kawu Mai Rediyo ya sake shago, ya koma ƙasan bene kusa da mai wanki da guga, yana cewa nan ya fi iska. Baba kuma jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Hannun dama har yanzu ba ya ɗaguwa, amma yana cin abinci, yana zama a kujera, kuma idan aka riƙe shi yana takawa har bakin ƙofa. Maganarsa ce ma ta sa na ɗauki biro, domin kai a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance. Abokinka Dogo zai kawo maka takardar, kuma ya ce mako biyu zai yi ya juyo.

Auta, abu ɗaya na roƙe ka. Na ce ka aiko mana da tsohon faifan nan na fim ɗin Koriya, na mai shan jini, wanda Baba ya fassara da bakinsa, ya sa maka a jaka ranar da za ka tafi, domin namu na gida ya kakkarce yana cijewa. Ban kai ga gaya maka dalili ba ka katse ni, ka ce ka gane, in bar maka komai. To, ga abin da ka gane ya iso: wani baƙin akwati mai igiyar ado, da faifai uku a ciki. Bayansa kuma sai ga saƙon murya na minti goma sha ɗaya, kana ta kumfar baki kana koya mana bambancin hoto mai kyau da maras kyau, kamar mu ba mu da idanu. A ƙarshe har da dariya, wai ka ga tsohon faifan a ƙasan jakarka, na'urarka ma ta ƙi karɓarsa, kuma ƙarshen wata idan za ku tashi daga gidan za ka haɗa shi da sauran tarkace ka zubar. Wallahi da na ji wannan sai da na zauna a ƙasa. Kada ka kuskura ka zubar da shi. Ka karanta takardar nan har ƙarshe, sannan ka ɗauko shi ka ba Dogo.

Tun da kai gwanin kwatance ne, bari ni ma in yi maka nawa, domin yanzu iri uku na fim ɗin nan na kalla, ni da ko son sa ba na yi. Mu fara da naka mai akwati. Da aka buɗe Inna ta ɗauka turare ne, har ta fara yi maka addu'a. Aka zaro wani ɗan littafi mai ƙyalli cike da hotunan mutane masu jini a baki, ta ce a'uzu billahi, ta koma kicin. Na'urarmu ta gida ta karɓi faifan, ta yi 'yar ƙara, ta tofo shi waje. Sai da Kawu ya ɗauko wata daga shago, wadda wani ya kawo gyara bai zo ya karɓa ba, ya yi ta haɗa wayoyi yana zufa kafin hoto ya fito. Na yarda, hoton ya fito tar. Jinin ja ne sosai, kamar yadda ka yi ta nanatawa, kuma har gashin hancin tsohon likitan nan na cikin fim ɗin ana iya ƙirgawa. To sai me? Wa ya ce maka muna neman gashin hancinsa? Minti ashirin ɗin da ka ce an ƙaro, waɗanda ba su cikin tsohon, na zauna na kalle su tsaf. Mutum ne ya tsaya a taga yana kallon ruwan sama. Sai wata mata ta tsaya a wata tagar ita ma tana kallon ruwan saman. Kawu ya ce wanda ya yanke su tun farko Allah ya yi masa albarka.

Faifai na biyu kuwa ba fim ba ne. Wani mutum ne mai tabarau ya harɗe a kujera yana bayanin yadda suka dama jinin ƙarya a bokiti. Na ukun ya fi ba ni haushi, domin fim ɗin ne dai aka sake sawa, amma wasu maza biyu suna ta surutu a kansa daga farko har ƙarshe, suna yi wa juna dariya, ba ka jin komai. Wato idan su suka yi magana a kan fim gwaninta ce har a sa a akwati, idan Baba ya yi shirme ne. Sannan ga fassarar da kake taƙama da ita, rubutun Turanci ƙanana a ƙasan hoto, suna wucewa kafin mutum ya haɗa harafi biyu. Ka manta wa ka aiko wa? Inna za ta karanta ko Baba? Ni na zauna ina fassarawa da ƙarfi har maƙogwarona ya bushe. Baba ya kalla na ɗan lokaci, ya kalle ni, sannan ya juya fuskarsa wajen bango. Ko rabin sa'a ba a yi ba barci ya ɗauke shi.

Na biyu shi ne na kasuwa. Kafin in roƙe ka, sai da na zaga layin masu sayar da faifai gaba ɗaya ina neman fassarar Baba. Kowa sai ya ce akwai, har da rantsuwa, ya miƙo mini a leda. Na kawo gida na sa, ashe wata sabuwar fassara ce ta wasu samari marasa ta ido. Kai jama'a! Murya ta hanci, ihu ba dalili, da ƙarar hon duk lokacin da aka ciji wani. Sunan shagonsu da lambar waya suna ta gudu a tsakiyar hoto, daidai kan fuskokin mutane. Ana tsakiyar mutuwar wata baiwar Allah sai mai fassarar ya tsaya yana gaishe da abokansa ɗaya bayan ɗaya. Duk inda 'yan fim suka yi shiru sun datse wurin, don haka mutum zai shiga ɗaki da rai, ƙiftawar ido ka gan shi a makara. Baba ya saurara kamar minti biyar, ya lalubi rimot da hannun hagu ya wurga wa talabijin. Inna ta ce ko ba komai ya motsa jiki.

Yanzu mu zo kan na Baba, wanda ka ce ka gano ƙarya ce zalla tun da ka karanta fassarar gaskiya. Sannu da ƙoƙari, Malam mai bincike! Wa ka ga ya taɓa cewa Baba yana jin yaren Koriya? Masu sayen faifansa ma sun sani sarai, kuma don haka suke saye. Ka manta ɗan ɗakin nan na bayan shagon faifai, da katifa jingine a ƙofa, da kwalayen ƙwai manne a bango, da makirfo da aka sa wa safa? Ka manta yadda yake aiki? Ya kashe sauti ya kalli fim sau ɗaya, yana rubutu a bayan tsohuwar kalanda, ya raɗa wa kowa suna, sannan ya rufe ƙofa ya yi muryar kowa shi kaɗai, ta mata ya toshe hanci, ta tsofaffi ya sa ɗan yatsa a kumatu. Kullum cewa yake shiru a fim asara ce, inda 'yan wasa suka yi shiru nan ne shi yake faɗin abin da ke ransu. Shekara goma sha shida yana wannan aiki, da shi aka yi maka karatun da kake karanta rubutun ƙasan hoto. Da rufin shagon ya yi yoyo ruwa ya cinye komai, mai shagon ya kwashe ya zubar, ba wanda ya damu. Abin da muka san ya rage a duniya na muryar Baba faifai biyu ne, wanda ke cikin akwatin kayan Inna da wanda ke ƙasan jakarka.

Hoton nasa dishi-dishi ne, na sani. Jinin ma ba ja ba ne, ya fi kama da ruwan shayi, kuma a gefe ɗaya kan mutane ya ɗan yanke. Amma ka dubi wurin da tsohon likitan ƙauyen, mai shan jinin marasa lafiyarsa kaɗan-kaɗan a ɓoye, ya sunkuya a wuyan wani mai ƙiba. A naka mai akwati cewa ya yi kada ka motsa, shi ke nan, maganar da kowane mai aski zai iya faɗa. A na Baba cewa ya yi, bari in ɗanɗana in ji ko sukarin ya sauka. Ka gaya mini tsakani da Allah wanne ne fim a nan. Ba zan ɗora maka laifin kai kaɗai ba, mu ma 'yan gida mun raina aikin nan. Ni ban taɓa zama na kalli ko ɗaya har ƙarshe ba, ina ganin abin kunya ne a ce ubana ne ke toshe hanci yana muryar mata. Ina jin ciwon wannan yanzu fiye da yadda zan iya rubuta maka.

Ga abin da ka hana ni faɗa a waya. Ka san tun da hawan jini ya kayar da Baba wata takwas ke nan, magana ta ɗauke. Mutumin da ya yi muryar mutum ashirin a zama ɗaya, ya koma ba ya iya neman ruwan sha sai da nuni. Wata rana da la'asar Inna tana gyara akwatinta ta ga faifan, ta sa masa don kawai ɗakin ya daina yin tsit. Ina ninke kaya a gefe sai na ga leɓensa yana motsi. Na ɗauka tauna yake yi. Da aka zo wurin mai ƙiban nan, wallahi Auta, Baba ya buɗe baki tare da talabijin ya faɗi maganar sukarin nan daga farko har ƙarshe, da muryarsa, ko harafi bai tsallake ba. Kofin da ke hannun Inna ya suɓuce. Ni kuwa na rasa abin yi, ina dariya ina kuka, shi ma ya tsorata da kansa yana ta kallonmu.

Da muka gaya wa likitar da ke koya masa magana, ta ce ta taɓa ganin irin haka, maganar da mutum ya saba da ita sosai wani lokaci takan fito ko da sauran sun maƙale, kuma mu ci gaba da sa masa kullum. Ba ta yi mana alkawarin komai ba, mu ma ba mu nema ba. Yanzu kullum bayan la'asar sai a sa, yana bin muryarsa kamar mai bin karatu. Kwana biyun nan har wasu maganganun sun fara fitowa daga fim ɗin suna shigowa ɗaki. Akwai inda wani maras lafiya ke cewa a ba shi ruwa kafin ya bushe, to da wannan yake neman ruwa yanzu. Inna kuma ya mayar da ita Uwar Masu Gida, sunan da ya raɗa wa wata tsohuwa a fim ɗin, ita kuwa amsawa take da sauri har tana gyara ɗankwali. Ranar da ma'aikacin asibiti ya zo ɗibar jininsa, Baba ya kalle shi ya tambaye shi ko sukarin ya sauka. Mutumin ya yi dariya har sai da ya ajiye allurar. Wannan ita ce ƙaryar da ka ce a zubar.

Matsalar ita ce faifanmu ba ya wuce minti arba'in da bakwai. Nan yake cijewa, hoton ya farfashe, na'urar ta yi ta ƙugi. Kawu ya goge shi da man goge baki, ya goge da auduga, ya gwada a na'ura huɗu, ya ce karcen ya yi zurfi, ba mai iya ceto shi. Saura fiye da sa'a guda na maganar Baba ke nan da ba ma iya kaiwa gare ta, kuma shi bai iya wucewa inda muryar ta tsaya. Wurin da yake cijewa shi ne inda ɗan likitan, bayan ya gano halin ubansa, ya ɗauki jaka zai shiga jirgin ruwa, tsohon kuma ya tsaya a inuwar rumfa domin ba ya iya fita rana. Na duba wurin nan a naka mai akwati har sau uku. Tsohon cewa ya yi tafi kawai, daga nan ba wanda ya sake magana kusan minti biyu, sai ƙarar ruwa. A na kasuwa ma babu wurin, sun datse. A na Baba kuwa, tsohon bai kira yaron da sunan da ake kiransa tun farkon fim ba. Cewa ya yi, Auta, idan ka isa. Daidai nan faifan yake tsayawa.

Kullum Baba sai ya faɗe ta tare da shi, sannan ya tsaya baki buɗe yana laluben sauran. Wani lokaci ya maimaita sau biyar, sau shida, jijiyar wuyansa ta tashi, ya yi ta dukan hannun kujera har sai mun kashe. Ranar farko ban gane ba, na ɗauka wani Autan ne na cikin fim. Inna ce ta tuna mini cewa a makon da za ka tafi ya yi wannan fassarar, kuma kwafin farko, mai tsabta, shi ya sa maka a jaka da hannunsa. Ka tuna ranar a tasha? Mu muna ta kuka, shi kuwa hannu kawai ya ba ka ya ce ka kula da jakarka, har muka yi ta yi masa tsiya a hanya wai ba shi da tausayi. Ka san halinsa, a gaban makirfo ba ya gajiya da magana, a gaban 'ya'yansa kuwa sai ka ce an ɗinke masa baki. Minti biyu na shiru ya samu a fim ɗin mutane, ya cika su da kai. Duk wanda ya sayi faifan nan a lokacin ya ji abin da ya ce maka. Kai kaɗai ka ɗauke shi shekara bakwai a ƙasan jaka, tare da tsofaffin safa, ba ka ji ba, don na'urarka mai girman kai ba ta cin irinsa.

To tamu ba ta da girman kai. Ka naɗe shi a tsumma mai laushi, ka sa a kwalinsa, ka ce wa Dogo ya riƙe a jakar hannu kada ya jefa cikin kaya. Kada ka goge shi da komai, kada ka ce za ka gyara, kada kuma ka sake yi mini dabara ka aiko da wani abin da kake ganin ya fi shi. Akwatinka yana nan a kan kabad, Inna ta cire faya-fayan ta zuba zare da allura a ciki, ta ce ya yi daidai. Ranar da faifan ya iso zan kira ka bayan la'asar, in ajiye wayar kusa da talabijin, kuma a ranar ka yi wa Allah ka yi shiru har a gama. Na yi maka faɗa da yawa a takardar nan, na sani, kuma ba zan janye ko ɗaya ba. Amma ka san ba don na ƙi ka ba ne. Tsoro nake ji kada ƙarshen wata ya zo kafin takardata.

Ka gaishe mini da Amarya da kyau, ka ce mata na gode da mayafin, kuma na sa ta shaida a kan maganar faifan nan, idan ka manta ita za ta tuna maka. Ka shafa mini kan takwarar Inna, Allah ya raya ta. Inna tana gaishe ku, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi. Kawu Mai Rediyo yana gaishe ka, ya ce mai na'urar ya zo ya karɓi abarsa, don haka kada ka sake aiko da irin wancan. Gwaggo da Maigidana da su 'Yan Biyu duk suna miƙa gaisuwa. Baba kuma, da na gama rubutu na je na durƙusa kusa da kujerarsa na ce masa takarda ce zan aika maka, ko yana da saƙo. Ya daɗe yana kallona, ya riƙe hannuna da na hagu, ya ce, Auta, idan ka isa. Na jira, bai iya ƙarawa ba. Na rubuta maka iya abin da ya ba ni, sauran yana wurinka.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarka,
Yaya Babba